Hawan Dutsen Atakora: Baƙi Na Kallo, Mu Muna Gyangyaɗi

Duk wanda ya taɓa shiga mota daga Jugu zuwa Natitingu, tafiyar kilomita 80 ko kusan haka, ya san inda hanya ke fara hawa. Nan direba yake rage giya, mu kuwa fasinja sai gyangyaɗi. Da yawa daga cikinmu, Hausawan Paraku da Jugu, mun ratsa duwatsun Atakora sau da dama wajen neman abinci, amma ba mu taɓa sauka mun taka su da ƙafa ba.

Baƙi kuwa daga Faransa da sauran ƙasashe kuɗi suke kashewa don su zo nan. Daga Natitingu sukan kama hanyar Bukumbe, wasu a ƙasa da sanda, wasu a kan keke suna haki, har ƙauyen Kusukwangu da ke bakin tsauni. Daga can mutum yakan hango kwari shimfiɗe a ƙarƙashinsa, ga gidajen ƙasa masu bene na Batammariba, waɗanda ake kira Tata Somba. A 2004 hukumar UNESCO ta sa irin waɗannan gidaje na ɓangaren Togo cikin kayan tarihin duniya, a 2023 kuma aka haɗa da na Benin.

Duwatsun ba su da tsawo sosai, domin Sokbaro, wanda ake lissafawa mafi tsawo a ƙasar nan, mita 658 ne. Amma hawan yana da wuya, gangaren kuma sai mai kyakkyawan birki.

Abin da ya kamata mu tuna shi ne, kakanninmu sun riga 'yan keke sanin wannan wahala. A ƙarni na 19 ayarin fatake daga Kano da Sakkwato kan ya da zango a Paraku da Jugu, sannan madugu ya ja su yamma, su ƙetare wannan jerin duwatsu da jakuna ɗauke da kanwa da tufafi, har Salaga a ƙasar Gwanja, su komo da goro. Wannan fatauci ne asalin zaman da yawa daga cikinmu a nan. Amma tambayi ɗan aji shida ma'anar madugu, sai ya yi zuru.

Tun da aka sace Faransawa biyu a gandun dajin Panjari a watan Mayu na 2019, aka kashe ɗan jagoransu, baƙi suka ja baya daga arewa, masu yi musu jagora kuma suka ji a jikinsu. Ashe lokaci ya yi da 'yan gida za su maye gurbi.

Shawararmu ga iyaye da malamai ita ce, a hutun Disamba, lokacin da hunturu ya rage zafin rana, a nemi shawarar hukuma kan tsaro, a ɗauki ɗan jagora na wurin, a kai yara su hau da ƙafarsu. Gani ya kori ji. Allah Ya kai mu lafiya, Ya komo da mu lafiya.