Bairos mai yin likimo

A ɗakin kwamfuta na sashenmu, duk manhajar da muka sauke amma ba mu yarda da ita ba, cikin VirtualBox muke jefa ta. Kwamfutar bogi ce da ke zaune cikin ta gaske. In bairos ya yi ɓarna, sai mu goge ta mu buɗe sabuwa.

Ashe masu rubuta bairos sun riga mu sanin dabarar. Wasu bairos ɗin, kafin su taɓa komai, sai sun leƙa inda suka faɗo. Suna duba lambar katin sadarwa: ta VirtualBox kan fara da 08:00:27, ta VMware da 00:0C:29. Suna tambayar ƙwaƙwalwar na'urar da umarnin CPUID, ita kuma ta tona asiri. Har motsin linzami suke lura da shi. Tun 2004 Joanna Rutkowska, 'yar ƙasar Foland, ta nuna da 'yar manhajarta Red Pill cewa gane kwamfutar bogi ba wuya.

Da bairos ya gane tarko ne, sai ya yi likimo. Mu kuwa mu ga shiru, mu kwafe fayil ɗin zuwa kwamfutar da aikin kammala karatunmu ke ciki. A can yake farkawa.