Maganin Ƙarin Lafiya da Gubar da Ido Ba Ya Gani

Duk mai shiga kasuwannin Kusada da Kankia ya san 'yan tallar da ke baje kwalaben bitamin da garin ƙarin jini a kan tabarma, rana na dukansu, wasu ko lambar hukumar NAFDAC babu a jikinsu. Hujjar mai saye ita ce abin daga tsirrai ko dabbobi aka yi shi, don haka ba ya cutarwa. Wannan hujja ba ta da ƙarfi, domin tsiro da dabba suna zuƙar abin da ke cikin ƙasar da suka rayu. Kokwambar teku, wata dabba da mutanen Sin ke busarwa suna yin ƙwayoyin ƙarin lafiya da ita, laka take ci a ƙasan teku, kuma inda ruwan ya gurɓata takan tara dalma da asinik a jikinta.

Mu kuwa ba baƙin dalma ba ne. A 2010 ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, inda ake niƙa duwatsun zinariya cikin gidaje. Wani zai ce ai ɗan abin da ke cikin ƙwaya bai kai wannan ba. Haka ne, amma dalma taruwa take yi a ƙashi shekara da shekaru, tana dakushe ƙwaƙwalwar yaro ba tare da zazzaɓi ko wata alama ba. Kuma ba a ce a guji bitamin ba, don yaron da jininsa ya yi ƙaranci ya fi saurin zuƙar dalma. Bitamin A na asibiti da ƙwayoyin ƙarin jini na masu juna biyu an san abin da ke cikinsu da adadin da za a sha.