Gamba da Jema a Bakin Iyaka

A Dandamisa, kamar sauran ƙauyukan Makarfi, lambun da ke gangarowa zuwa fadama yakan sha wahala a watan Agusta. Ruwa ya sauko da ƙarfi, ya kwashe taki da ƙasar mai gonar sama, ya jibge yashi a kan raken mai gonar ƙasa. Daga nan rigima ke tashi, har ta kai gaban mai unguwa.

Maganin yana hannun manoma tun kaka da kakanni. Da farkon damina ake dasa gamba a jere a bakin iyaka, kusa da kusa. A wuri mai laima kuwa jema ta fi, domin saiwarta tana nutsewa can ƙasa ta riƙe gaɓa. Ruwa yakan tsaya a gindin ciyawar, ya ajiye laka, sannan ya wuce a hankali. Kunyoyi ma a ja su a gicciye, kada su bi gangare.

Amma don Allah, kafin a dasa, a kira maƙwabci ya tsaya a wurin ya gani da idonsa. Gindin gamba yana faɗaɗa kowace shekara, kuma da kaka akwai zana a cikinta, gara a yanke tun yanzu wanda zai yanka.