Doka, 'Yanci da Adalci a Ƙasar Dutsin-Ma da Kurfi

Masana ilmin mulki sun daɗe suna gardama a kan abin da ya wajaba talaka ya sallama wa hukuma domin ya kwana lafiya. Thomas Hobbes, wanda ya ga yaƙin basasar Ingila, ya nuna a littafinsa na 1651 cewa tsoron kisa shi ke sa mutane su miƙa wuya, don haka kusan duk abin da mai mulki ya hana saboda tsaro halal ne. John Locke bai yarda ba. A ganinsa hukuma amana ce, an ba ta ne don ta kare rai da 'yanci da dukiya, in kuwa ta cinye abin da aka ba ta tsaro to ta warware alkawari. Wannan gardama ba ta Turai kaɗai ba ce, gama mutanen Dutsin-Ma da Kurfi sun gan ta da idonsu.

A ƙarshen watan Agusta na 2021, da ɓarnar 'yan bindiga na dajin Rugu ta tsananta, Gwamna Aminu Bello Masari ya sa hannu a kan wata doka. Aka dakatar da cinikin dabbobi a kasuwanni da yawa, har da ta Dutsin-Ma. Aka hana sayar da fetur a jarka, da ɗaukar mutum uku a kan babur, da ɗebo itace daga daji a manyan motoci. A watan Satumba kuma aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, Dutsin-Ma da Kurfi suna ciki.

Ta fuskar doka babu abin zargi sosai. Tsarin mulki na 1999 ya ba ɗan ƙasa 'yancin zirga-zirga a sashe na 41, sa'an nan sashe na 45 ya yarda a taƙaita shi saboda tsaron jama'a. Hikimar abin ma a fili take: ɗan bindiga yana bukatar mai, da kasuwar da zai sayar da shanun sata, da waya da masu tsegunta masa labari za su kira shi.

Amma fa halaccin doka daban, adalcinta daban. Abin tambaya shi ne, wa ya ɗauki nauyin? Manomin da ke sayar da akuya ɗaya don ya sayi magani, da dillali, da mahauci, da ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma wanda ya kasa jin muryar iyayensa, duk ba su yi laifi ba, su kuwa doka ta fi kama, domin su ne ke zaune inda hannun hukuma ke kaiwa. Wayar da aka hana mai tsegumi ita ce kuma wadda ƙauye ke neman agaji da ita cikin dare. Watau an karɓi 'yanci daga wanda aka sani, don a hukunta wanda ba a iya kamawa.

Malaman ƙasar nan ba su jahilci wannan ba. Muhammadu Bello ya rubuta Usul al-Siyasa ne saboda Umarun Dallaje, Sarkin Katsina na farko bayan jihadi, ya kuwa sa raya kasuwanni da sana'o'i da gyaran hanyoyi cikin wajiban mai mulki. Bisa wannan ma'auni, rufe kasuwa bashi ne hukuma ta ci wurin talaka, kuma tsaro kaɗai ke biyansa. An mai da layukan waya daga baya, hare-hare kuwa ba su ƙare ba.

Ɗaya hanyar da aka gwada ita ce sulhu. An yi shi a 2016, aka sake a 2019, duka suka warware, a 2025 kuma waɗansu ƙananan hukumomi, har da Kurfi, suka ƙulla nasu. Wanda ya samu damar zuwa gonarsa ba zai raina sulhu ba, ba kuwa daidai ba ne na birni ya yi masa gori. Sai dai sulhu yakan sayi zaman lafiya da haƙƙin wanda aka kashe wa ɗa ko aka kore wa garke, alhali a shari'ar Musulunci yafe jini na magada ne, ba na mai mulki ba. Makiyayi ma yana da nasa kukan, na burtali da aka nome da ɗan'uwa da 'yan sa-kai suka kashe ba shari'a.

Abin lura shi ne, hanyoyin nan biyu, ko da yake kishiyoyi ne, sun haɗu a wuri guda: duka sun kewaye alƙali. Ta farko ta hukunta gari ba tare da tuhuma ba, ta biyu ta sallami mai laifi ba tare da ƙara ba. Dakarun tsaron al'umma da Gwamna Dikko Radda ya kafa a 2023 su ma za a auna su da wannan, watau ko wanda suka kama yana isa gaban kotu.