Kwakwa Baƙuwa Ce a Damagaram: Yadda Za Mu Zaɓe Ta, Mu Gurza Ta, Mu Ajiye Ta



A rangadin da muka yi na cibiyoyin yaƙi da jahilci na karkarar Gaffati cikin bazarar da ta wuce, mun iske wata cibiyar mata an ajiye alluna ana gardama. Ɗaya daga cikin ɗalibai, wadda sana'arta kunun aya, ta tafka asara. Ranar Lahadi ta sayo gurzajjiyar kwakwa ƙulle cikin leda a kasuwa, domin ta fi araha kuma ta hutar da ita aikin gurza. Ba ta yi amfani da ita ba sai ranar Talata. Ta haɗa aya da dabino da sukari kamar yadda ta saba, amma kafin azahar kunun ya yi tsami, ya fara kumfa. Jarinta ya tafi, kuma yaranta biyu da suka sha da safe sun kwana suna zawo. Wasu matan suka ce ayar ce tsohuwa, wasu suka ce bakin mutane ne. Muka roƙa a kawo mana ragowar ledar. Da aka kwance ta, warin da ya tashi ya raba gardamar.

Tun daga ranar muka ƙudurta kawo wannan magana a shafinmu, domin kwakwa ta shiga girkinmu ƙwarai a ƴan shekarun nan, alhali kuwa ba mu gaji saninta daga iyaye ba kamar yadda muka gaji sanin gero da gyaɗa.

Daga ina take zuwa?

Bishiyar kwakwa ba ta yi a ƙasarmu. Tana son iska mai laima da ruwan sama da ya kai milimita 1,500 a shekara, mu kuwa nan Damagaram abin da muke samu bai cika wuce 400 da wani abu ba. Ƴan'uwanta da Allah ya ba mu su ne dabino da goruba da giginya. Ita gidanta bakin teku ne: Badagiri kusa da Ikko, da gaɓar Benin, da yammacin Gana, da Kodebuwa. A duniya baki ɗaya kuwa, Indunusiya da Filifin da Indiya su ne manyan masu noma ta. Mutanen da suna kiran ta kwakwar Attagara, domin su bambanta ta da kwakwar manja. Attagara shi ne sunan da Hausawa suka ba garin Ida na bakin kogin Kwara, inda fatake suke haɗuwa da kayan kudu.

Ƙwallon kwakwa yakan yi kamar shekara guda a kan uwarsa kafin ya ƙosa. Bayan an sauke shi a feɗe ɓawon waje, a loda a mota, ya biyo ta Kano, ya ƙetaro iyaka ta wajen Magarya ko Matamai, sa'an nan ya iso kasuwar Dole ko ta Mirya. Wane ne zai iya faɗin kwana nawa ya yi a hanya, ko kwana nawa ya yi cikin rana a tasha? Shi ya sa zaɓe ya zama wajibi a kanmu fiye da mutanen da bishiyar take bayan ɗakinsu.

Zaɓen ƙwallo

Shawararmu ita ce a sayi ƙwallo cikakke, wanda ba a fasa ba. Ƙoƙon kwakwa rumbu ne da Allah ya rufe da kansa, muddin bai tsage ba abin da ke ciki yana cikin tsaro.

Ku ɗauki ƙwallon ku auna shi a hannu. Mai kyau yana da nauyi fiye da yadda ido ya zata. Ku kai shi kusa da kunne ku girgiza. In kun ji ruwa yana motsi sosai, alama ce mai kyau. In kun ji shiru, ko dai ya tsufa ya bushe, ko kuma ya tsage ruwan ya tsiyaye, iska ta shiga. Sa'an nan ku dubi idanun nan uku da ke kansa. Ɗaya daga cikinsu ya fi sauran taushi, ta nan tsiro yake fitowa, kuma ta nan ɓarna take shiga. Ido mai danshi, ko mai funfuna, ko mai wari, a mayar wa mai kaya abinsa. Kada kunya ta hana ku. Macen da take ƙwanƙwasa tukunyar ƙasa kafin ta biya, ba abin da zai hana ta girgiza kwakwa.

In an je gida, a huda ido mai taushin da ƙusa mai tsabta, a tsiyaye ruwan cikin kofi, a sansana, a ɗanɗana. Ruwan lafiyayyar kwakwa garau yake, da ɗan zaƙi. In ya yi tsami ko kauri, naman ma ya tafi. Bayan an fasa, naman ya kasance fari fat, mai tauri. Wanda ya yi rawaya, ko ja-ja, ko toka-toka, ko yana yauƙi, ko yana warin sabulu, ba na ci ba ne. Mun san akwai ciwo a zubar da abin da aka saya da kuɗi, kuma mun ga masu yanke wurin da ya ɓaci su yi amfani da saura. Ba mu goyi bayan haka ba, domin funfuna tana da saiwoyi da suke shiga ciki inda ido ba ya gani.

Gurzajjiya iri biyu ce

A nan ne mutane da yawa suke ruɗewa, kuma a nan ɗalibarmu ta faɗi. Akwai ɗanyar gurzajjiya, akwai busasshiya, kuma tsakaninsu akwai nisa.

Ɗanyen naman kwakwa kusan rabinsa ruwa ne, kashi ɗaya cikin uku kuma mai ne, ga ɗan zaƙi. Idan aka gurza shi, an buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa dubu, domin kowane ɗan sili ya taɓa hannu da magurji da iska. A ƙulle shi a leda, a bar shi cikin zafin watan Afirilu ko Mayu da yakan wuce digiri 40, to an yi wa ƙwayoyin cuta shimfiɗa. Ɗanyar gurzajjiya ta yini ɗaya ce. Mai firigo yana iya kai ta kwana biyu ko uku, in wutar ba ta yanke ba. Wadda aka gurza a kasuwa, ba ku san yaushe ba, ba ku san da wane ruwa aka wanke ta ba, ku bar ta ko da kyauta ce.

Kada a ce wannan matsalar talaka ce kaɗai. A Amurka, tsakanin 2017 da farkon 2018, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ta bi sawun wani ciwon ciki da ya kama mutum 27 a jihohi 9, ta iske ya fito ne daga gurzajjiyar kwakwa da aka shigo da ita a daskare. Ƙwayar cutar da ake kira salmonela ce a ciki. Sanyi bai kashe ta ba, kwantar da ita kawai ya yi. Wuta ce take kashe ta.

Busasshiya kuwa ita ce ta cikin fakiti a kantunan birni, wadda aka rubuta wa «noix de coco râpée». An busar da ita a masana'anta har ruwan da ya rage bai wuce kashi 3 cikin 100 ba, shi ya sa take yin watanni. To, ga inda karatunmu zai yi mana rana. A jikin kowane fakiti akwai ranar ƙarewar amfani, an jera lambobi: rana, wata, shekara, wani lokaci wata da shekara kaɗai. Duk wanda ya yi wata uku a cibiya zai iya karanta su. Ku duba kuma ta cikin ledar: a ga kwakwar fara, a warwatse kamar tsaki, ba ta dunƙule ba, ba ta yi rawaya ba, ba ƙwari. Wata an zuba mata sukari tun daga masana'anta, wannan ba ta dace da girkin gishiri ba, kuma mai ciwon sukari ya kiyaye ta. Wata kuma ana sa mata maganin hana baƙi da ake kira sulfit, wanda yakan tayar wa wasu masu ciwon fuka da ciwonsu. In an buɗe fakiti, a juye sauran cikin kwalba mai murfi, a ajiye a inuwa. Kafin a yi girki da ita, a jiƙa ta da ruwan ɗumi kaɗan na ɗan lokaci domin ta yi laushi.

Gurzawa a gida

Aikin ba shi da wuya. A wanke hannu da sabulu, a wanke naman kwakwar da ruwan sha, ba ruwan wanke-wanke ba. Jar fatar da ke bayansa ana ci, sai dai mai son girkinta ya fito fari ta kankare ta. Magurjin da yawancinmu muke da shi gwangwani ne da aka huhhuda da ƙusa. Yana aiki, amma yana tsatsa, kuma ramukansa suna riƙe tsohon abinci. A goge shi da soso kafin aiki da bayan aiki, a shanya shi a rana. Wanda ya yi tsatsa a sake wani.

Mai son madarar kwakwa ta zuba ruwan ɗumi a kan gurzajjiyar, ta murza da hannu, ta tace da ƙyalle mai tsabta. Tatar farko ita ce mai kauri, a ajiye ta gefe. Tata ta biyu a dafa shinkafa da ita, a zuba ta farkon in an kusa saukewa.

Mai son ajiya kuwa sai ta busar. A baza gurzajjiyar siriri a kan tire, a rufe da ƙyalle mai shara-shara saboda ƙuda da ƙura, a sa a rana tun da hantsi. Nan kam ƙasarmu ta fi bakin teku, domin iskarmu busasshiya ce. Amma mun fi amincewa da a ƙarasa ta a kasko bisa wuta kaɗan, ana juyawa, har ta yi ƙaras-ƙaras ta fara ƙamshi. Kada a ɗaga ido daga kanta, saboda mai gare ta, nan da nan take ƙonewa. A bari ta huce sarai kafin a rufe, in ba haka ba gumin da za ta yi cikin kwalba shi zai ɓata ta. Wannan dabarar ce ta sa kwakumeti yake daɗewa a tiren ƴan talla: an soya shi da sukari har ruwan ya ƙone.

Kunun aya shi ne mai haɗari, domin ba a dafa shi. Duk abin da ya shiga cikinsa da rai, da rai zai shiga cikin mai sha. Masu wannan sana'a su gurza kwakwarsu a safiyar da za su yi markaɗe, su tabbatar an wanke injin kafin a zuba nasu, su yi amfani da tafasasshen ruwa da ya huce, su sa ƙanƙara da wuri, kuma su yi daidai abin da zai ƙare a yinin. Gara a sayar da kwalba 20 a koma gida da ciniki, da a yi 40 a zubar da rabi.

Abin da take ba jiki, da abin da ba ta bayarwa

Kwakwa abincin ƙarfi ce. Giram 100 na ɗanyen namanta, wato wajen kashi ɗaya cikin huɗu na babban ƙwallo, yana da kalori kamar 350 da mai giram 33. Busasshiya ta kusa ninka haka. Tana kuma da harza mai taimakon hanji. Amma abin gina jiki da ke cikinta giram 3 ne da ɗan kai, alhali giram 100 na gyaɗa yana da wajen 25. Saboda haka uwar da take son kunun yaronta ya gina shi, gyaɗar Magarya da waken gonarmu sun fi mata kwakwar da ta sha hanya, kuma sun fi sauƙin kuɗi. Muna faɗin haka ne domin mun lura wasu suna ɗaukan duk abin da ya zo daga nesa ya fi na gida. Jaririn da bai kai wata 6 ba kuwa, nonon uwa kaɗai, ko ruwan kwakwa kada a ba shi. Ƙananan yara kuma kada a miƙa musu gutsure mai tauri, yana iya sarƙe su.

Man kwakwa yawancinsa irin mai daskarewa ne. Da sanyin hunturu za ku ga ya yi tauri kamar man shanu. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarar da ta fitar a 2023, ta ce irin wannan mai kada ya wuce kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin yini. Ga babban mutum wannan bai fi giram 22 ba, giram 100 na kwakwa kuwa yana ɗauke da kusan 30. Dattawa da masu hawan jini da masu ciwon zuciya su ɗauke ta a matsayin kayan ɗanɗano, cokali ɗaya ko biyu, ba abin cika ciki ba.

In kuwa an yi rashin sa'a yaro ya kamu da zawo, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari nan take: lita 1 ta tsabtataccen ruwa, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri, ko kuma ƙullin da ake bayarwa a gidan likita. A ci gaba da ba shi nono da abinci. In akwai jini, ko zazzaɓi, ko amai ya hana shi sha, ko idanunsa sun faɗa, a kai shi likita ba tare da jiran gobe ba.

Dusa da ƙoƙo

Saura dusar da ta rage bayan tata. Ba a zubar da ita, amma kuma ba a barin ta da danshi a rufe ta kwana. A tsibirin Jawa na Indunusiya an daɗe ana ruɓar da dusar kwakwa a yi wani abinci da ita. Wani lokaci wata ƙwayar cuta takan shiga ta haifar da dafi marar wari marar ɗanɗano, wanda dahuwa ba ta kashe shi, ya hallaka mutane da yawa, har hukuma ta hana yin abincin a 1988. Mu ba ma ruɓar da ita, amma darasin ya shafe mu. A ranar da aka tace, a soya dusar a barbaɗa a dambu ko a cuɗa cikin ƙullun fanke, ko kuwa a shanya ta ta bushe sarai a haɗa da dusar gero a ba kaji da awaki.

Ƙoƙon kuma yana ci da wuta sosai, gawayinsa yana daɗewa bai mutu ba. In an fasa shi biyu daidai, a kankare, a huda gindinsa, yana zama mazubin renon iri. Ɗalibar nan tamu ta koma sana'arta da jarin adashi, ƙwallo ɗaya take saye kowace kasuwa, kuma a bayan ɗakinta mun ƙirga ƙoƙo 9 jere, kowanne da tsiron zogale a ciki.