Ƙa'idar Lasisi Idan An Raba Manhajar Rahoto da Rumbun Bayanai

Gabatarwa

Wannan maƙala za ta yi bayani a kan wata ƙa'ida da ke jawo wa ma'aikatu asarar kuɗi. Misalin da za mu ɗauka shi ne SQL Server na kamfanin Microsoft.

Ma'anar Kalmomi

Rumbun bayanai shi ne inda ake adana bayanai a tsare, kamar sunayen ɗalibai da makinsu. Uwar garke kuwa babbar kwamfuta ce da ke yi wa sauran kwamfutoci hidima. Lasisi shi ne izinin amfani da manhaja.

Yadda Ƙa'idar Take

A shekarar 2004 Microsoft ya fitar da Reporting Services, wato manhajar da ke ɗebo bayanai daga rumbu ta mayar da su rahoto. Idan aka ɗora ta a kan uwar garken da rumbun yake, lasisi ɗaya ya wadatar. To amma tsara rahoto aiki ne mai nauyi, saboda haka ma'aikatu kan kai ta wata uwar garke daban. A nan gizo ke saƙa, domin lasisin yana bin na'ura ne. Da zarar an raba su, ita ma ta biyun sai an saya mata nata lasisin, ko da babu rumbu a cikinta.

Hanyoyin Biya

Hanya ta farko ita ce a sayi lasisin uwar garke, sannan a sayi CAL ga kowane mutum ko na'urar da za ta shiga. Ta biyu, wadda ta fara da SQL Server 2012, ita ce biya gwargwadon ƙwayoyin sarrafawa. Ana sayar da su biyu-biyu, kuma mafi ƙaranci shi ne 4. Ke nan uwar garke mai ƙwayoyi 8 tana buƙatar ƙunshi 4. Bugun Developer kyauta ne, amma don gwaji da koyo kawai, ba don aikin ofis ba.

Kammalawa

Daga SQL Server 2025, Power BI Report Server ya gaji wannan manhaja, amma Microsoft zai tallafi bugun 2022 har zuwa 2033. Don haka, kafin a raba na'urori, a fara lissafa kuɗin lasisi na biyu a sa a kasafi. Wannan ya fi a gano giɓin ranar da masu binciken lasisi suka zo.