Yadda Maganar Sawaba Ta Bi Kasuwa Da Tasha

Duk ɗan Arewan da ya taɓa sauka a Sabo ta Badun, ko Agege, ko Shagamu, ya san cewa baƙo ba ofis yake nema ba. Sunan wani maigida yake riƙe da shi, maigidan ya ba shi masauki, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa a kan bashi. Babu takarda, amma shanu na zuwa Kudu, goro na tafiya Arewa. To, irin wannan hanya ce 'yan NEPU suka bi har suka girgiza mulkin En'e.

Ranar 8 ga Agusta 1950 mutum takwas suka kafa jam'iyyar a Kano, cikinsu har da Abba Maikwaru da Magaji Ɗambatta da Mudi Sipikin. Malam Aminu Kano ya bar aikin koyarwa a Maru a wannan shekara, ya zama shugabanta a 1953. Ba su da kuɗi, ba su da sarauta. Taron lacca kuwa sai da iznin En'e, watau sai ka nemi yardar wanda za ka je ka soka. Wanda ya yi gardama ga 'yan doka, ga kotun alkali, ga gidan yari.

Sai maganar ta koma inda mutane suka saba haɗuwa. Tela yana kan kekensa, majalisa ta cika a bakin shagonsa, ana zancen haraji da jangali da aikin tilas. Ɗan koli ya ji a Kano, gobe yana kasuwar ƙauye, ya shimfiɗa hajarsa ya shimfiɗa labari. Direban mota da yaronsa su kai shi tasha ta gaba. Malamin zaure ya duba littafi ya gaya wa almajirai abin da shari'a ta ce game da zalunci, abin da ya fi komai ci wa fadawa tuwo a ƙwarya ke nan, don ba dama a kira shi kafiri. Taron suna da na biki ba sa bukatar takardar izni. Ta nan mata irin su Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, wadda ta sha ɗauri ba sau ɗaya ba, suka shigar da zancen cikin gidaje, alhali matan Arewa ba su sami ƙuri'a ba sai 1976.

Amfanin wannan tsari shi ne ba shi da kai guda da za a sare. A ɗaure tela, mahauci ya ci gaba.

Amma fa zumunci ba ya ƙirga ƙuri'a. A zaɓen 1951 'yan NEPU sun yi rawar gani a matakin farko a Kano, sai dai zaɓen hawa-hawa ne, En'e kuma tana da ikon cusa mutanenta a sama, aka tashi ba su da kujera ko ɗaya a Majalisar Kaduna. Shi kansa Malam Aminu sai 1959 ya shiga Majalisar Wakilai ta Ikko.

Ƙarfin abin ya fito ne bayan soja sun rushe jam'iyyu a 1966. An rufe ofis, amma wa zai rufe majalisar bakin shago? Shekara 12 ana gaisawa, ana zuwa jana'izar juna. Da aka ɗage takunkumi a 1978, PRP ta tarar da mutanenta a zaune. A 1979 ta ci gwamna a Kano da Kaduna, Abubakar Rimi da Balarabe Musa kuma suka soke haraji da jangali da hawansu.

Daga nan sai rigima ta shiga gida. Mutanen da suka iya jure wa kurkuku tare sun kasa shirya rabon iko, jam'iyya ta dare biyu, 'yan Santsi na gwamnoni da 'yan Taɓo na Malam. Majalisar jihar Kaduna, inda NPN ke da rinjaye, ta tsige Balarabe Musa a watan Yuni 1981. Malam Aminu ya rasu ranar 17 ga Afrilu 1983, ana saura 'yan watanni a shiga zaɓe.